Gicciye a Hannun Masu Fim: Tsakanin Labarin Almasihu da na Dracula

A ƙarshen fim ɗin Dracula na 1958, wanda kamfanin Hammer na Ingila ya shirya, an ritsa Van Helsing, malamin da ke farautar dodon, a wani ƙaton falo, ba bindiga ba takobi. Sai ya haye dogon teburi a guje, ya daka tsalle ya cafki labulen taga ya yo ƙasa da shi, hasken safiya ya kwararo ciki. Kafin dodon ya ja jiki ya koma duhu, Van Helsing ya suri sandunan ɗora kyandir guda biyu ya gitta su a gabansa. Dracula ya kasa gaba ya kasa baya, har ya ruɓushe ya zama toka. Peter Cushing ne malamin, Christopher Lee ne dodon, Terence Fisher ne ya ba da umarni.

Wanda bai tashi cikin Kiristanci ba zai ɗauka wannan wani laƙani ne kawai, irin na tafarnuwar da ake ratayawa a taga a waɗannan finafinai. Abin ya wuce haka. Gawa mai tashi da dare tana shan jinin mutane, yadda Turawa suka fasalta ta, ba ta fahimtuwa sai an ajiye ta kusa da labarin da Kiristoci suke bayarwa game da Yesu. Abin da nake son nunawa shi ne, finafinan asalin Kiristanci da tsofaffin finafinan masu shan jini nono ɗaya suka sha, kuma sau da yawa fim ɗin tsoron ya fi na wa'azin ɗaukar addinin da gaske.

A dubi ginshiƙan aƙidar. Kirista ya yi imani cewa an gicciye Yesu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, kuma a daren ƙarshe ya miƙa wa almajiransa gurasa da ruwan inabi a matsayin jikinsa da jininsa. Wannan ne tushen Jibin Ubangiji da ake yi a majami'u har gobe. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa, alaihis salam, ba. Alƙur'ani ya kore hakan a cikin Suratun Nisa'i. To amma mai son gane waɗannan finafinai dole ya riƙe fahimtar Kiristocin a hannu, domin ita aka kifar aka samu Dracula. Wancan ya ba da jininsa don mutane su rayu, wannan yana kwasar jinin mutane don shi ya rayu. Wancan ya bar kabari fanko ya tafi, wannan kullum asuba sai ya koma akwatinsa. Dukansu suna yi wa mabiyansu alkawarin rai marar ƙarewa, dukansu ta hanyar sha. A littafin Bram Stoker na 1897, Dracula ya tsaga ƙirjinsa ya tilasta wa wata mata mai suna Mina shan jininsa, Van Helsing kuwa da baftisma ya kwatanta abin. Marubucin ya san abin da yake yi.

Tun kafin Stoker ma, malaman coci ne suka fara yin dogon nazari a kan batun. A 1725, a wani ƙauyen Sabiya da ke ƙarƙashin mulkin Austiriya, mutane suka tono gawar wani Petar Blagojević suka soke ta da tsinin itace, saboda zargin shi ke kashe su da dare. Jami'in gwamnati ya rubuta rahoto. A 1732 likitocin soja suka rubuta wani rahoton a kan irin wannan lamari a ƙauyen Medveđa, labari ya cika Turai. Yau an san abin da ƙauyawan suka gani: gawa tana kumbura, ruwa mai launin jini yana fita ta baki da hanci, fata tana janyewa har farce ya yi kamar ya ƙara tsawo, in aka soke ta iskar ciki ta fita da sauti kamar nishi. Amma a lokacin, abin ya dami masu ilimin addini, don a al'adar coci gawar da ta ƙi ruɓewa alama ce ta waliyyi. To yaya alama ɗaya za ta nuna tsarki a nan, ta nuna la'ana a can? Wani malamin Katolika na Faransa, Augustin Calmet, ya wallafa littafi guda a kan haka a 1746. Sai a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta Austiriya ta sa likitanta, Gerard van Swieten, ya bincika, daga bisani ta hana tonon kaburbura.

A nan ne dodon Turawa ya sha bamban da mayen da muka sani. Maye rayayye ne, maƙwabci ne, kurwa yake kamawa. Nasu kuwa matacce ne da ƙasa ta ƙi karɓa, matsalarsa matsalar tashin ƙiyama ce da ta zo kafin lokacinta.

Da na'urar ɗaukar hoto mai motsi ta samu, labarin Yesu yana cikin na farko-farkon da aka ɗauka, don masu kallo sun riga sun san shi, ba ya buƙatar magana. Kamfanin Pathé na Faransa ya fitar da nasa a 1903, Alice Guy ta yi nata a 1906, sannan a 1912 Sidney Olcott ya kwashi ma'aikata har Masar da Falasɗinu ya ɗauki From the Manger to the Cross. Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya a Ingila ya zo daidai da kafa hukumar tace finafinai ta ƙasar, wadda ta fara aiki da dokoki biyu tak: ba tsiraici, ba nuna surar Almasihu. Saboda haka tambayar ko ya halatta ɗan wasa ya fito a matsayin manzo ba Musulmi kaɗai ta dama ba. Wanda ya kalli The Message na Moustapha Akkad, na 1976, ya ga yadda aka ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da an nuna Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ba. Shekara 17 kafin haka, a Ben-Hur na 1959, William Wyler ya yi dabara mai kama da wannan: ana ganin hannun Yesu yana miƙa ruwa, ana ganin bayansa, ana ganin yadda fuskar sojan Roma ta sauya da ya dube shi, amma fuskarsa ba a gani.

Sai dai Holiwud ba don ladan lahira ta shiga wannan harka ba, kuma babu wanda ya fi Cecil B. DeMille iya raba ƙafa. The King of Kings na 1927 fim ne na ibada, har addu'a ake yi a wurin ɗaukarsa, amma da me ya buɗe? Da Maryamu Magadaliya cikin ado da shagali, tana hawa keken da jakunan dawa suke ja. A The Sign of the Cross na 1932, Kiristocin farko suna waƙar yabo suna jiran zakuna, can kuma matar Sarki Nero tana wanka a tafkin madara. Mai kallo ya biya kuɗinsa ya more kallon zunubi na awa biyu, a ƙarshe a yi masa wa'azi ya fita da wankakkiyar zuciya. Irin waɗannan finafinai na cikin abin da ya tunzura Katolikan Amurka suka kafa ƙungiyar sa ido, har aka fara aiwatar da dokar tace finafinai ta Hays da ƙarfi a 1934.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da talabijin ta fara janye mutane daga silima, sai aka koma wa Romawa da Kiristoci don a nuna girman allo. Quo Vadis na 1951 ya kawo gobarar Roma ta shekara ta 64 da Peter Ustinov a matsayin Nero. The Robe na 1953, labarin hafsan Roma da ya ci rigar Yesu a caca, shi ne fim na farko da aka fitar a faffaɗan allon CinemaScope. Ben-Hur ya lashe kyautar Oscar 11. Amma a tambayi duk wanda ya kalle shi me ya fi tunawa, zai ce tseren kekunan doki. A waɗannan finafinai Roma ce tauraruwa: sulke, tutoci, fadoji, filin zakuna. Kiristoci kuwa wasu salihan bayi ne masu kallon sama, ba su gardama, ba su da tambaya.

Wannan shi ne babban raunin nau'in in ana maganar asali. Tarihin yadda ƙaramar jama'a ta Yahudawa a Falasɗinu ta zama addinin daular Roma cike yake da jayayya: shin wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya ya bi dokokin abinci kafin ya shiga? Bulus da Bitrus sun yi sa-in-sa a kan irin wannan a Antakiya, kuma Bulus da kansa ya rubuta hakan a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Sarki Constantine ya halatta addinin a 313, taron Nicaea na 325 ya yanke hukunci a kan matsayin Yesu. Kusan babu babban fim da ya zauna a kan waɗannan. Makon gicciye da zakunan Nero sun fi saye. Wanda ya taɓa wurin da ke ciwo shi ne Martin Scorsese, a The Last Temptation of Christ na 1988, inda cikin wani dogon wahayi Yesu ya haɗu da Bulus yana wa'azin mutuwarsa da tashinsa, ya ce masa ƙarya yake yi, Bulus kuma ya nuna masa cewa Yesun da yake wa'azi shi mutane suke buƙata. Fim ɗin ya jawo zanga-zanga a ƙasashe da dama, har aka cinna wa silimar Saint-Michel ta birnin Faris wuta a watan Oktoba na shekarar.

In aka ce in zaɓi ɗaya a cikin duka, zan ɗauki na Pier Paolo Pasolini na 1964, wanda ya bi Linjilar Matiyu. Pasolini ɗan gurguzu ne da bai yi imani da Allah ba. Ya je Falasɗinu neman wurin ɗauka, ya ga zamani ya sauya ta, ya dawo kudancin Italiya, garin Matera mai gidajen kogo. Ya ɗauko wani ɗalibi ɗan Sifen, Enrique Irazoqui, ya ba shi matsayin Yesu, ya sa mahaifiyarsa ta fito a Maryamu cikin tsufanta, sauran kuwa yawanci talakawa ne da ba su taɓa wasa ba. Yesun nasa mai sauri ne, mai zafin harshe, yana tafe yana magana almajirai na binsa da ƙyar. Shekara guda bayan haka George Stevens ya fitar da The Greatest Story Ever Told, da Max von Sydow da tarin taurari, har John Wayne a rigar sojan Roma, ya kashe maƙudan kuɗi bai mayar ba. Daga nan kasuwar manyan finafinan Linjila ta mutu na wani lokaci. Wanda ya fi su duka yawo a duniya kuwa ba na silima ba ne sosai: fim ɗin Jesus na 1979, da aka gina a kan Linjilar Luka don aikin bishara, an juya shi zuwa harsuna sama da 1,000, har da Hausa.

To a ɗaya ɓangaren fa? Nosferatu na F. W. Murnau, na 1922, satar labarin Stoker ne aka sauya sunaye. Matar marigayin, Florence, ta kai ƙara, a 1925 kotun Jamus ta ce a lalata duk kwafin fim ɗin, amma wasu suka tsira. Dodon fim ɗin, Orlok, wanda Max Schreck ya fito a matsayinsa, mai sanƙo da haƙoran ɓera, annoba ce a siffar mutum, da jirgin ruwa cike da ɓeraye ya shigo gari. Coci ba ta da wani kataɓus a fim ɗin. Abin da ya kashe shi sadaukarwa ce: wata mata mai suna Ellen ta ba da jininta da ranta ta riƙe shi har zakara ya yi cara. Ko ba a ɗaga gicciye ba, fasalin labarin na Kiristanci ne, marar laifi ya mutu don gari ya tsira. Daga wannan fim ne kuma aka samo cewa rana tana halaka mai shan jini. A littafin Stoker, Dracula yana yawonsa da rana a Landan.

Dracula na kamfanin Universal, na 1931, shi ya kafa surar da kowa ya sani: baƙar alkyabba, gashi a kwance, lafazin gabashin Turai. Ba fiƙa, kusan ba jini, ko kisan dodon ma ba a nuna ba, nishinsa kawai aka ji. Bela Lugosi, wanda ya yi wasan, ya taɓa fitowa a matsayin Yesu a wasan dandamali a ƙasarsu Hangari tun yana saurayi, kuma da ya mutu a 1956 da alkyabbar Dracula aka binne shi. Irin wannan gamo ya yi yawa, da walakin goro a miya. Carl Dreyer na Denmak, wanda ya yi Vampyr a 1932, ya shafe shekaru yana shirin fim a kan Yesu har ya mutu a 1968 bai samu kuɗin yi ba. Willem Dafoe, Yesun Scorsese, shi ne ya fito a matsayin Max Schreck mai shan jinin gaske a Shadow of the Vampire na 2000. Anne Rice, marubuciyar Interview with the Vampire, da ta koma cocin Katolika sai ta rubuta littafi a kan ƙuruciyar Yesu a 2005, aka mai da shi fim a 2016 da sunan The Young Messiah.

Dalilin da ya sa na ce fim ɗin tsoro ya fi ɗaukar addinin da gaske shi ne, a cikinsa dole gicciye ya yi aiki a gaban idon mai kallo, in ba haka ba jarumi ya mutu. A Ben-Hur imani ado ne a kan labarin ramuwar gayya. A finafinan Hammer imani makami ne, yana ƙona goshi yana barin tabo. Abin dariyar shi ne Ingila ƙasar Furotesta ce, Stoker ma Furotesta ne ɗan Ailan, amma kayan yaƙin duka na Katolika ne: gicciye mai siffar Yesu, ruwan tsarki, gurasar Jibi. Jonathan Harker na littafin ma sai da ya yi jinkirin karɓar gicciyen da wata tsohuwa ta ba shi, don an koya masa cewa irin wannan ya yi kusa da bautar gumaka. Da wuya ta yi wuya, shi ya rataya.

Saboda haka, wanda ya bi tarihin gicciye a waɗannan finafinai zai karanta tarihin imanin Turai. A 1958 sanduna biyu da aka gitta sun isa, alamar kanta ke da ƙarfi. A 1967 Roman Polanski ya yi The Fearless Vampire Killers, inda wata budurwa ta ɗaga gicciye a gaban mai shan jini Bayahude, ya yi mata dariya, ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. A 1968, a Dracula Has Risen from the Grave, an kafa wa dodon tsinin itace a ƙirji amma ya zare shi ya miƙe, don saurayin da ya soke shi bai yi imani da Allah ba, ya kasa yin addu'a. A Fright Night na 1985 an fito da dokar fili: gicciye ba ya ci sai mai riƙe da shi ya yi imani. Ƙarfin ya tashi daga alamar ya koma zuciyar mutum. Zuwa Interview with the Vampire na 1994, mai shan jinin ne ke ba da labarinsa, gicciye ba ya damunsa, abin da ke cinsa shi ne ya nemi Allah ko Shaiɗan bai ga ko ɗaya ba. Lokacin da aka zo Twilight a 2008, dodon ya zama saurayin makaranta, ba sauran abin tattaunawa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ke faruwa in labarin ya bar ƙasar Kiristoci. Turkawa sun yi nasu Dracula a Istanbul a 1953, suka cire gicciye suka sa Alƙur'ani da tafarnuwa. A Mr. Vampire na Hong Kong, na 1985, gawar tsalle take yi da miƙaƙƙun hannaye, malamin addinin Tao kuma yana tsayar da ita da rubutacciyar takarda rawaya da yake manna mata a goshi. Kowa da abin da ya yarda yana da iko a kan matattu. Amma a waɗannan wurare an rasa waccan kifarwar ta labarin Yesu, domin jinin ba ya nuni ga wata ibada. Tsoro ne kawai.

Daga baya hanyoyin biyu suka haɗe a fili. Francis Ford Coppola ya buɗe Dracula ɗinsa na 1992 a shekarar 1462: Vlad ya dawo daga yaƙi da Turkawa don kare coci, ya tarar matarsa ta kashe kanta, limamin coci ya ce ba ta da rabo a lahira, shi kuwa ya yi ridda, ya caka wa gicciyen dutse takobi, jini ya ɓulɓulo ya tara ya sha. Dracula 2000 ya ƙara gaba, ya ce dodon ba kowa ba ne illa Yahuza Iskariyoti, shi ya sa yake ƙin gicciye da azurfa. Fim ɗin ba shi da wani kirki, amma dabarar ta zauna daram. A 2009 Park Chan-wook na Koriya ta Kudu ya yi Thirst, labarin fada na Katolika da ya ba da kansa don gwajin magani, ƙarin jini ya mai da shi mai shan jini, jama'a kuma suka ɗauke shi waliyyi don ya tsira daga cutar da ta kashe sauran. Tambayar Calmet ce ta dawo bayan shekara fiye da 260.

Daga ɗaya gefen kuma, fim ɗin Yesu ya gangaro wajen na tsoro. The Passion of the Christ na Mel Gibson, na 2004, an ɗauke shi a Matera ɗin Pasolini, da harsunan Aramaik da Latin, an kashe kusan dala miliyan 30, ya tara sama da miliyan 600. Gibson ya ɗebo abubuwa da yawa daga wahayin wata 'yar zuhudun Jamus, Anne Catherine Emmerich, waɗanda ba sa cikin Linjila, kuma ƙungiyoyin Yahudawa sun soki yadda ya nuna shugabanninsu. A dubi kayan aikinsa: lambu cikin shuɗin hazo da dare, Shaiɗan mai fari fat ba gira yana ratsa taro riƙe da jariri mai fuskar tsoho, yara da fuskokinsu ke rikiɗewa suna korar Yahuza har ya rataye kansa, bulala mai ƙugiya da aka daɗe ana nunawa. Duk wannan nahawun fim ɗin tsoro ne. Wa'azin Yesu 'yan gutsattsari ne da ake tunowa, tashinsa daga kabari bai fi ɗan taƙaitaccen yanki a ƙarshe ba. Jinin shi ne saƙon, har Maryamu ta durƙusa tana goge shi daga daɓen dutse da farin ƙyalle. Majami'un Amurka da suka shekara suna hana 'ya'yansu kallon finafinan Hammer su ne suka yi hayar silima sukutum suka kwashi mabiyansu zuwa kallon wannan, alhali jinin da ke cikinsa ya ninka duk wanda Christopher Lee ya taɓa sha.